Matakala Goma Sha Bakwai

Ni sana'ata karya ƙashi ce, amma kwantar da hankalinka, ba na mutum ba. A kamfaninmu gem muke yi, wasan kwamfuta na ban tsoro, irin wanda za a jefa ka cikin tsohon gida da ashana uku da harsashi biyu a ce ka fita da ranka. Masu zane su zana dodo, wasu su koya masa tafiya, ni kuma in ba shi sauti. In dodo ya fasa kan mutum, kankana ce na dankara wa guduma. In ya murɗe wuya, karas ne na naɗe a tsumma na karya a bakin makirfo. In ya zaro hanji, jiƙaƙƙen tawul ne nake matsawa a cikin bokiti. Ina da wani guntun bututun ƙarfe da nake jibgar kabeji da shi in ana son ƙarar haƙarƙari, har hannuna ya yi kanta.

Ɗakin da nake wannan ta'asar shi ake kira ɗakin naɗa, inda muke ɗaukar sauti. Bangonsa duk soso ne, ƙofarsa kuwa sai ka sa kafaɗa kafin ta motsa. In ka rufe ta, ko yanka ka ake yi ba mai ji a waje. Na sha yi wa mutane alfahari da wannan.

Wata shida muna gina gem ɗin, aka kawo masu gwaji. Na zauna a bayansu ina jiran in ga an zabura. Dodo ya fito, ya cafki mutum, ya tsaga shi gida biyu, jini ya wanke allo. Wani daga cikinsu ya ce, "Kai, wannan ya ji jiki," ya ci gaba da tauna cingam. Wata kuma dariya ta yi. Wallahi ji na yi kamar in ɗauko bututuna.

Shugaban aikin Gemu muke ce masa, saboda gemun ya riga shi shiga ko'ina. Da suka watse ya ja kujera ya zauna kusa da ni.

"Kin kashe kankana ta kai ɗari," ya ce, "amma ba ki tsorata kowa ba."

"To ka zo ka kwanta in gwada da kanka mana."

Bai kula ni ba, ya saba da bakina. "Jini ba ya ba da tsoro. Mutum ya gan shi sau uku ya saba. Abin da ke kashe mutum jira ne. Ya san abu na zuwa, ya san ba shi da yadda zai yi, kuma abin ba ya sauri. Ki ba ni sautin abin da bai iso ba tukuna."

Na ce masa ya je ya rubuta wannan a bango. Amma na kwana uku maganar na ci na, don na san gaskiya ya faɗa.

Mu masu sauti muna da wata cuta: ba ma fita babu rakoda a jaka. Ƙofa ta yi ƙara mu tsaya, famfo ya ɗiga mu tsuguna. Har shiru muke naɗa, don kowane ɗaki da irin shirunsa. To a cikin tarkacen da na tara ne na tuna da wani naɗi da na yi a gidan Yaya.

Yaya ita ta raine ni bayan rasuwar Mama, shekara goma sha ɗaya ta ba ni. Tana aure a saman wani tsohon bene, matakalarsa ta siminti ce, tana da amsa-kuwwa mai daɗi. Mijinta Injiniya ne, mutum mai guga da turare, mai magana a hankali kamar yana tsoron ta fashe. Duk danginmu da shi ake misali. Ni yana ce mini Auta mai kunnen zomo, in yi dariya.

Ran da na yi naɗin da rana na je, wajen ƙarfe uku da rabi, ban gaya mata zan zo ba. Shirun falonta ya burge ni, sai na ɗora rakoda a saman kabad kusa da ƙofa, na kunna, ko faɗa mata ban yi ba. Na bar jakata a kujera na ce zan je gyaran waya in dawo. Ta ce in tafi da jakar. Na ce ai yanzu zan dawo. Ta sake cewa in tafi da ita, na yi mata tsiya na ce ko ɓarayi take ajiyewa a gida, na fice.

Mai gyara ya ɓata mini awa biyu. Da na dawo Injiniya na zaune yana ɓare lemo, ya tare ni da fara'a. Yaya tana ɗaki, wai kanta ke ciwo, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Na yi mata sannu daga bakin labule, na ɗauki kayana na tafi.

Yanzu ga inda na yi wautar da sai ɗan sana'armu zai yi. Mu ba kullum muke sauraron naɗi ba, kallonsa muke yi. In ka buɗe shi a kwamfuta yana fitowa kamar zanen ciyawa, ƙaramin sauti gajeriyar ciyawa, babba doguwa. In ƙara ta yi wa makirfo yawa, sai wurin ya koma ja, kuma a wurinmu ja lalatacce ne, ba ya aiki. Na buɗe naɗin gidan Yaya na ga dogon shiru, sai wani yanki mai kyau na daƙiƙa hamsin, daga nan sai ja, ja, ja. Na ce an kunna talabijin da ƙarfi ke nan. Na yanki daƙiƙa hamsin ɗin, na jefa sauran a ma'ajiya. Ba ma goge asali, wannan doka ce, amma ban saurare shi ba.

Daƙiƙa hamsin ɗin nan kuwa zinariya ce. Ƙofar ƙasa ta rufe. Takalmi ya fara hawowa, ba sauri, ɗaya bayan ɗaya. A matakala ta tara ya tsaya, ya ɗan jima, kamar mai sauraro. Ya ci gaba har goma sha bakwai. Mukullai suka yi motsi. Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Shiru. Sai ƙarar ɓalle maɗaurin agogo, sai aka ajiye shi a kan teburin gilashi, ƙwas.

Ban ƙara masa komai ba, ko gurnani. Na sa shi a inda mai wasa yake ɓoye cikin kabad, allo duk duhu sai siririn haske ta tsagar ƙofa. Ba ka ganin dodo. Ba ka da harsashi. Abin da kawai za ka iya shi ne ka danne maɓalli ɗaya don mutuminka ya riƙe numfashi, kuma in ka danne da wuri numfashin zai ƙwace maka a gabansa.

Aka dawo da masu gwaji. Mai cingam ya haɗiye cingam ɗinsa. Mai dariya ta cire hedifon ta ce fitsari take ji, ba ta dawo ba. Wani ƙato ya yi jifa da rimot ɗin wasan har ya tsage. Gemu ya miƙe ya tafa mini, ya ce a ina na samo wannan, na ce sirrin sana'a ne. Daga ranar duk ofis aka kama wasa da shi. In mutum ya makara da aiki sai wani ya cire agogonsa ya ajiye masa a tebur, a fashe da dariya. Wata huɗu muna jin sautin nan kullum, mu ashirin, har muka haddace shi. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina tafiya kamar ni na ƙirƙiro tsoro.

Da aka kusa gamawa Gemu ya ce yana son waɗanda ba su taɓa riƙe rimot ba su gwada, kowa ya kawo nasa. Na dami Yaya da waya. Ta ce ba ta da lokaci, na ce shekara nawa ina aikin nan ba ta taɓa zuwa ta gani ba. Na yi fushi, na yi magiya, na ambaci Mama, abin da na san ba ta iya jurewa. Ta ce to, amma lallai ta koma gida kafin ƙarfe huɗu. Na je da tasi na ɗauko ta bayan azahar.

Da farko abin dariya ne. Tana ta kai mutuminta bango, ta ƙone ashana ukun a minti ɗaya, ta harbi labule da harsashi biyun. Tana dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji dariyarta haka na manta. Da dodo ya tsaga wani a gabanta cewa ta yi, "Auta, wannan ai kabeji ne, ni za ki yi wa wayo?" Na karɓi rimot na shigar mata da mutumin cikin kabad, na mayar mata.

Ƙofar ƙasa ta rufe a cikin kunnenta.

Ina tsaye a gefenta, ina ganin fuskarta da hasken allo. Dariyar ta ɗauke lokaci ɗaya. Leɓenta ya fara motsi, na duba da kyau na ga ƙirga take yi. Shida. Bakwai. Takwas. Kafin takalmin ya tsaya a ta tara, ita ta riga ta tsaya, ta daina numfashi. Duk wanda ya gwada gem ɗin nan tsayawar ta tara ce ke shammatarsa, amma ita ta san da ita. Rimot ya zame daga hannunta. Mukullai. Ƙofa. Da agogon ya taɓa gilashi, Yaya ta ɗaga hannu biyu ta rufe kanta, ta sunkuyar da haɓa, ta sulale daga kujera ta ja da baya har ta dangana da kusurwa. Wayar hedifon ta tsinke.

"Yi haƙuri," ta ce a hankali. Ba da ni take ba.

Na kama ta na kai ta ɗakin naɗa, na zaunar da ita, na ba ta ruwa. Ta ce jiri ne, ba ta karya ba. Na ce ta kalle ni, ta ƙi. Da ta ɗaga kofin hannun rigarta ya zame, na ga shatin yatsu huɗu a damtsenta, ya yi baƙi. Ta ja hannun rigar ta rufe.

Na fito na zauna a teburina da ke bakin ƙofar ɗakin. Na nemo asalin naɗin. Na kai alama kan jan, na danna.

Na yi shekara bakwai ina ƙera ƙarar duka, ashe ban san ta ba. Ta gaskiya ba ta kama da kankana. Gajeriya ce, busasshiya, kamar an yar da littafi a ƙasa. Abin da ya mayar da naɗin ja ba dukan ba ne, kabad ɗin da rakodata ke kai ne ake buga Yaya da shi. Ba ta yi ihu ba, ko sau ɗaya. Numfashinta kawai ake ji yana fita duk sanda hannu ya sauka. Shi kuwa muryarsa irin ta kullum ce, a hankali.

"Jakar wa ce wannan?"

"Ta Auta ce."

"Na ce a shigo mini gida ba na nan?"

"Yi haƙuri."

Minti goma sha ɗaya. Sai ƙarar bel ɗin wando, sai kujera ta faɗi, sai wani abu ya karye wanda ba katako ba ne. Daga baya famfo ya zuba, ya wanke hannu. Agogo ya bar gilashi, ya koma hannu. Sai ƙarar ɓare lemo.

Na cire hedifon. Jakata ce. Sau biyu ta ce in tafi da ita.

Ban san lokaci ya tafi ba sai da na ji muryar Injiniya a bakin ofis yana gaisawa da mutane. Ƙarfe huɗu da rabi. Ashe maigadin benensu ya gaya masa ni na ɗauke ta. Ya shigo da gugarsa da turarensa, ya ba Gemu hannu, ya yaba da kwamfutoci.

"Auta mai kunnen zomo, kin sace mini mata."

Na miƙe na tare ƙofar ɗakin naɗa. "Ba inda za ta bi ka."

Ya yi murmushi ya dubi Gemu, irin kallon da ake yi in yarinya ta yi rashin kunya a gaban baƙi. Gemu bai san komai ba, ya riƙe mini hannu ya ce in bi a hankali, tsakanin miji da mata ne. Sai Yaya ta leƙo ta bayana.

"Bar shi, Auta. Magana kawai za mu yi."

Idonta roƙona yake, don ta san duk abin da na ƙara a nan ita za ta biya a gida. Kafin in fizge hannuna Injiniya ya raɓa ta gefena ya shiga. Ya taɓa soson bango da yatsa.

"Nan ne kika ce ko yanka mutum ake ba a ji?"

Ya sa kafaɗa ya tura ƙofar ta rufe.

Akwai wani halina da Gemu ya gaji da yi mini faɗa a kai: ba na kashe makirfo. Tun safe yake kunne, yana naɗa. Na fizge hannuna, na kai kan tebur, na tura sautin ɗakin zuwa manyan lasifikan ofis, na murɗa har ƙarshe.

Shirun ɗakin ya cika ofis. Mutane suka ɗago. Sai ƙarar ɓalle maɗauri. Sai agogo a kan teburina na kayan aiki, ƙwas.

Ba wanda na yi wa bayani. Mutum ashirin da suka yi wata huɗu suna jin wannan sautin suka miƙe tsaye tare. Na ga fuskar Gemu ta sauya, ya dube ni, ya dubi ƙofar. Sai dukan farko ya fito ta lasifika, da numfashin Yaya a bayansa.

Ban san da wane ƙarfi na buɗe ƙofar nan ba. Ya naɗe gashinta a hannun hagu, ya danna fuskarta a kan tebur, cikin ɓawon kankana. Na yi kansa. Ya sake ta ya juyo ya ba ni bayan hannu a baki, na ji haƙorina ya karye, na faɗa kan bokiti, jini ya cika mini baki. Ya koma kanta, ya ɗaga hannun dama. Bututuna yana jingine a inda na bar shi. Na riƙe shi da hannu biyu na sauke masa a tsakiyar hannun, yadda nake yi wa kabeji kullum.

Ƙarar ba ta kai ta karas ba. Hannun ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Shi ne ya yi ihu, ihun da ita ba ta taɓa yi ba, har lasifikan waje suka yi kuka. Na sake ɗagawa, kansa nake nufi, kuma wallahi da na sauke. Yaya ce ta rungume ni ta baya ta riƙe bututun. Gemu da masu zane biyu suka danne shi a ƙasa, yana cewa su yi hankali da hannunsa, shi mutum ne mai mutunci.

'Yan sanda sun karɓi naɗi biyun, na ranar da na gidan Yaya. Da babbansu ya saurari na farko bai kai ƙarshe ba ya cire hedifon. Ni ma an rubuta nawa bayanin kan hannun da na karya, na ce su rubuta da kyau, ni na yi.

A asibiti muka zauna a benci muna jiran a ɗinke wa Yaya gira. Likita ya riga ya gaya mana hoton ƙirjinta ya nuna tsofaffin karaya uku da suka haɗe da kansu. Bakina ya kumbura, magana da ƙyar. Na ce mata gidana za ta koma, ɗakina ƙasa yake, babu matakala. Na ce gobe zan cire sautin daga gem ɗin, ko Gemu ya kore ni.

Ta sunkuyar da kai tana kallon tayil.

"A ta tara ɗin nan," ta ce, "kin san me yake tsayawa yi?"

Na girgiza kai.

"Saurare yake ko zai ji ina magana da wani."

Wata ma'aikaciya ta wuce da keken magani. Yaya ta bi ta da ido har ta sha kwana.

"Tun yaushe sautin nan yake a na'urarki?"

"Wata huɗu."

"Kullum kina ji?"

"Kullum, Yaya. Sau ɗari a rana."

"Ba ki taɓa tambayar me ya sa mutum zai cire agogo daga shigowarsa gida ba?"

Na fashe da kuka a gaban mutane, jini da majina, ni da ba na kuka. Ita ce ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta, wadda ba ta ciwo, ta sa gefen mayafinta tana goge mini baki kamar sanda nake ƙarama.

"Ya isa, Auta," ta ce. "Ni ma sai da na shekara biyu kafin in gane tsoron kar gilashin agogon ya fashe yake yi."